Ku Tambayi Kawu: Wasiƙu Kan Garin Bakin Teku

Tun da na yi suɓul da baka a fitowar da ta wuce, na ce na taɓa zama a Wida, wani ƙaramin gari na bakin teku a Jamhuriyar Benin, wasiƙu ke shigowa kamar an fasa rumbu. Wasu a takarda, wasu ta WhatsApp ɗin jikata, wadda ke karanta mini in ido ya gaji. Ga wanda bai san mafarin zancen ba: ni yaron wani attajirin Zangon Damagaram ne a da, ina fitar masa da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Da sefa ta karye a Janairun 1994, hayar ɗaki a Kwatano ta fi ƙarfina, sai wani mahauci mutumin Matamaye ya ba ni ɗaki a gidansa a Wida, wajen kilomita 40 yamma da Kwatano. Na je da niyyar wata uku, na shekara bakwai. Ga biyar daga cikin wasiƙun.

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu. Ɗana na fari, shekararsa 22, zai bi ƙanen ubansa zuwa Wida ya taya shi sayar da tsire. Maƙwabciyata ta ce garin macizai ne, har bauta musu ake yi, kuma da dare dodanni ke yawo a titi. Yau kwanana uku ban runtsa ba. In hana shi tafiya?
Daga wata uwa, Garin Malam

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ta kawo miki, rabin da ke hana barci.

Macizan nan mesa ce, amma ba irin wadda ke haɗiye akuya ba. Ƙanana ne, da wuya su wuce kamu uku, ba su da dafi, in sun tsorata ma dunƙulewa suke kamar gammo. Mutanen asalin garin, Huweda, suna kiran ta Dangbe, suna girmama ta, har sun keɓe mata ɗan gida a tsakiyar gari. Ana gane ɗan wannan zuriya da tsagar fuskarsa, biyu-biyu a wuri biyar. Da dare mesar takan fita neman ɓera, in ta faɗa gidan wani ba a kashe ta, ɗauka ake a mayar. Ban cika wata ɗaya a garin ba na tarar da guda a bayan randa, zan ɗebi ruwan alwalar asuba. Na rarumi taɓarya. Ihun da matar mahaucin ta yi mini har yau yana kunnena. Aka kira wata tsohuwa maƙwabciya, ta zo ta ɗauke ta, ta rataya a wuya kamar gyale, ta fita tana mini dariya. Da na sauke taɓaryar nan, da zaman garin ya gagare ni, ya gagari wanda ya saukar da ni. To wannan ki gaya wa yaron: ya gani, ya kira maƙwabci. Mu ma da muke mamaki, ai tarihinmu da macijin rijiyar Kusugu ya soma, sai dai namu Bayajida ya sare masa kai.

Abin da maƙwabciyar ba ta faɗa miki ba shi ne, in mutum ya fito daga gidan mesar, tsallaken fili kawai, babbar majami'ar Katolika ce da aka gama ginawa a 1909, suna kallon juna. Ɗan tattaki kaɗan kuma ga masallacin Juma'a. Akwai Zango, kamar yadda kusan kowane garin kurmi ke da shi, da limami da makarantar allo da mai shayi. Musulunci ma ta ƙofa biyu ya shiga garin. Ta tudu, tare da fatake da mahauta irin namu. Ta teku kuma, tare da bayin da suka dawo daga Barazil. A Bahiya, bayi Hausawa sun shirya bore tun 1807, sannan a Janairun 1835 bayi Musulmi, yawancinsu Yarabawa, suka yi babban tawaye a birnin Salbado. Da aka murƙushe shi, aka koro wasu, wasu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu, suka sauka a wannan gaɓar. Unguwar Maro ta Wida tasu ce. Na sha yin salla sahu ɗaya da dattawa masu sunan Fotugis, carbinsu ya fi nawa tsufa.

Dodannin kuma sunansu Zangbeto. Ki ɗauka jinkar ɗaki ce ta tashi tana tafiya, tun daga sama har ƙasa ciyawa, wani lokacin an rina ta ja ko kore. Aikinsu na asali sintirin dare, su ne ƴan bangan gargajiya. Za ki ji ƙarar ƙaho mai kauri daga nesa, ɓarawo ya san ba daren fita ba ne. Da rana in ana biki sukan fito fili su yi ta juyi kamar guguwa, masu rakiya na kaɗa musu kuge da ganga, sai a kifar da jinkar a nuna wa jama'a babu kowa a ciki. Ni dai na ga an kifar, ban ga mutum ba. Na kuma taɓa hango ƙafa sanye da silifa a ƙarƙashin wata. Na kama bakina, shi ma ya kama nasa. In ya gamu da su da dare ya raɓe gefe, kada ya haska musu cocila, kada ya ɗaga waya don hoto sai ya tambaya.

Abubuwa biyu nake so ki ji wa tsoro, kuma ba wanda ya kawo miki labarinsu. Na farko teku. Yaron Damagaram da ya koyi iyo a tabkin damina gani yake ya iya ruwa. Igiyar wannan gaɓar tana dukan mutum ta kayar, in za ta koma ta ja yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta tafi da shi. Masuntan da aka haifa a wurin ma sai sun tsaya sun ƙirga igiya kafin su tura jirgi. Na bi gawar wani yaro ɗan arewa da ya shiga iya gwiwa kawai don a ɗauke shi hoto. Na biyu sodabi, barasar da suke tatsa daga ruwan bishiyar kwakwar manja, fara tas a kwalba kamar ruwan sha, ana miƙa wa baƙo ita da zuciya ɗaya a wurin suna ko makoki. Ya ce shi Musulmi ne, ba mai tilasta masa. Naman alade ma ana sayarwa a bakin hanya, amma wanda ke kwana da tashi cikin mahauta ba ya bukatar gargaɗina. Kifin teku kuwa ya ci ya more, halal ne.

Kada ki hana shi. Tsiren namu da suke kira cacanga yana da daraja a can, mai shi ba ya kwana da yunwa. Ki sa masa sharaɗi ya kira ki duk Juma'a bayan masallaci, ya kuma koyi gaisuwar safe ta Fon, yaren da ake yi a garin, kafin ya sauka mota: a fon ganji a? Wato ka tashi lafiya? Da wannan kalma ɗaya na samu bashin gawayi na shekara bakwai.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Ni baduku ne a Zango, sana'ar gidanmu ce tun kakanni. Tun da baƙi suka daina zuwa kasuwa ta kwanta. Na ji ana wani biki a Wida a watan Janairu da Turawa da baƙaƙen fatar Amurka ke cika gari. In ɗaure jakunkuna da takalma da matasan fata in tafi?
Daga wani baduku, Zango

AMSA: Ɗana, bikin gaskiya ne. A cikin shekarun 1990 Benin ta ware ranar 10 ga Janairu don addinin gargajiyarsu, Bodun, kuma a Wida ake babban taron, a bakin ruwa. Daga 2024 gwamnati ta faɗaɗa shi ya zama na kwanaki, da kiɗa da wasanni a filayen gari, daga 2025 kuma ranar hutun ta koma Juma'a ta biyu ta watan. Mutane kam ana cika. Amma kafin ka ɗaure kaya ka san abin da ke kawo su, don mai talla da bai san zuciyar mai saye ba rana kawai zai sha.

Da yawansu jikokin bayi ne, daga Barazil da Hayiti da Amurka, sun zo ganin inda aka loda kakanninsu. Sarkin Dahome Agaja ya ci garin da yaƙi a 1727, daga nan Wida ta zama ƙofar cinikin bayi ta masarautar, kuma mutanen da aka fitar ta wannan gaɓar sun haura miliyan ɗaya. Ganuwar da Fotugis suka gina a 1721 tana nan, ba su bar ta ba sai 1961, bayan ƙasar ta samu ƴanci, kuma da za su fita sai da suka cinna mata wuta. Daga tsakiyar gari zuwa ruwa akwai hanya mai kusan kilomita 4, ita bayin suka bi. A gefenta akwai gumakan siminti da Cyprien Tokoudagba ya yi, a ƙarshenta kuma wata babbar ƙofa da ba ta da gida, tana kallon teku, ana ce mata ƙofar da ba a dawowa. Ina garin aka buɗe ta a 1995. Ranar na je kallo kamar kowa, da rake a hannu. Na ga wata dattijuwa baƙa, ba ta jin Faransanci ba ta jin Fon, ta durƙusa tana cusa yashi a kwalba tana kuka. Raken bai ƙara shiga bakina ba. A hanyar komowa maigidana ya ce da ni, kai da ka fito Damagaram, ka tuna kasuwarku ma ta sayar da mutum, sai dai naku ta hamada aka bi da su zuwa Tarabulus, ba wanda ya gina musu ƙofa. Ban sami abin ce masa ba.

Saboda haka kada ka tare mutum da jaka a bakin wannan ƙofa. Ba wurin ciniki ba ne, ko da za ka ga masu yi. Ciniki da yamma yake, a ƙofar masauki da wuraren cin abinci, in an huce. Za ka tarar Buzaye masu azurfa sun riga ka shimfiɗa, ka gaishe su, su suka san wanda ake biya kuɗin wuri.

Matasan fata ka bar su gida. Mai hawa jirgin sama ƙaramin abu yake nema, wanda zai shiga akwati: alabe, kuben waya, ɗamara, takalmi mara nauyi. Ka sa wani ɗan lakwal ya rubuta maka ƴar takarda da Faransanci, layi huɗu, a ce fatar akuya ce, an jeme ta da bagaruwa a majemar Damagaram, jan kuma na karan dafi ne. Irin waɗannan baƙin suna biyan labarin abu kamar yadda suke biyan abin. Kuma ina roƙonka, kada ka ga suna son dodo da maciji ka koma zana su a jaka. Masu abin suna nan, sun fi ka iyawa. Ka tsaya a dagi da zanen da ka gada, shi ne babu a rumfar kowa. In ka samu sarari ka duba kyallayen Abome, tsohon birnin sarakunan Dahome, da ake sayarwa, waɗanda ake yanka siffar zaki ko kifi ko jirgi a ɗinka kan wani kyalle, kowace siffa tambarin wani sarki. Aikinku ne sak, su a yadi ku a fata. Hannunka zai ƙaru.

Babban abokin gabarka laima ce. Iskar teku ɗauke take da ruwa da gishiri. Takalmin salla da na je da shi, wata biyu a ƙarƙashin gado, na ciro shi ya yi fumfuna kore shar, ƙarfen ɗamarata kuma tsatsa ta cinye. Janairu da sauƙi, don ɗan hunturu yana leƙawa har can, amma abin da bai sayu ba kada ka bar wa kowa ajiya, daga Afrilu ruwa ke sauka. Ka shanya kaya kullum, kada ka ƙulle su a leda.

Hanya kuma: Maradi, Doso, Gaya, a haye kogi zuwa Malanbil, sannan Kandi, Faraku, Kwatano. Tun 2023 da aka rufe gadar Gaya tafiyar ta ƙara wuya da tsada, sai ka bincika a tasha wurin waɗanda suka dawo cikin makon, ka ji ko ta nan za ka bi ko ta Kano da Legas. Kuɗi dai sefa ɗaya ce, ba canji. Ka riƙe katin ɗan ƙasa da na rigakafin shawara. A karon farko kada ka zuba jarinka duka, ku haɗu ku biyu, buhu ɗaya, ku raba kuɗin mota. In an dawo da uwar kuɗi da lambar wayar mai shago ɗaya da zai riƙa oda, tafiya ta yi kyau.

TAMBAYA: Kawu, ina wuni. Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou, ina cikin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo. Duk shekara sai mu rubuta takardun neman tallafi, mu yi ta jira, shekara ta wuce ba mu hau dandali ba. Ya ƙananan garuruwan can suke yi bukukuwansu ba sa mutuwa?
Daga wata ɗaliba, Sabon Gari

AMSA: Lafiya lau ƴata. Wida gwamnati na zuba mata kuɗi yanzu, ba za ta zame miki misali ba. Bari in kai ki gaba kaɗan, wajen iyakar Togo, wani gari da ake kira Gran Popo, siriri kamar zare, teku a kudu, kogin Mono a bayansa. Tsohon garin ma teku ta ci wani sashe nasa, gidajen ƴan kasuwar da suka rage duk sun zama kango. Matasa sun watse Kwatano, Lome, Abijan, Librebil, Faransa. Garin da ya kamata a ce ya mutu ke nan.

Amma suna da wata ƙungiya, Nonbica, da aka kafa tun 1921, ta ƴan asalin yankin. Duk shekara a ƙarshen makon Fentikos na Kirista, wajen Mayu ko Yuni, kowa ya dawo gida. Ranar ba ta motsi, ba a jiran sa hannun kowa. Ana fitar da anko, wanda ke Abijan ya saya, wanda ke Faransa ya aiko a saya masa, a zuba gudummawa, a yi kiɗa da rawa da ci da sha, abin da aka tara a yi wa gari aiki da shi, kamar ajin makaranta. Na je sau biyu tare da wani abokin aikina ɗan garin. Mutumin nan duk shekara rowa gare shi, ko ruwan leda ba ya saya wa kowa, amma kuɗin Nonbica tun watan Janairu yake ware shi, don ya ce in aka karanta sunan gidansu babu komai a gabansa, uwarsa ba ta iya shiga kasuwa. Kin ji abin da ke riƙe bikin. Ba wai ba sa faɗa ba ne, ana yi, ƴan siyasa ma suna zuwa neman wurin zama a gaba, kamar ko'ina.

Akwai kuma wani gidan al'adu da mutanen Finlan suka buɗe a garin, Villa Karo, ana nuna fim da kiɗa kyauta, yara na cika wurin. Abu ne mai kyau. Sai dai da za a rufe shi gobe, Nonbica ba za ta fasa ba, ta girme shi da kusan shekara tamanin.

Wurin da na fi fahimtar mutanen nan shi ne bakin ruwa da sassafe. Jirgin masunta, wanda ake fafewa daga gungumen itace ɗaya a Gana, a yi masa fenti da rubutu irin na bayan manyan motocinmu, zai shiga ya zagaya da taru, ya dawo da igiya. Sai mutane su jeru layi biyu a kan yashi, maza da mata da yara, su yi ta ja, awa uku, awa huɗu. A gefe ga wani da kuge yana bugawa yana ba da waƙa, ana amsawa, a kan amshin ake ja da baya taki ɗaya. In ya yi shiru igiya ta saki. Shi ma da rabonsa a kifin, daidai da wanda ya ja. Ni da na tsaya kallo da babbar riga, wata mata ta daka mini tsawa da hannu, na tuɓe na kama. Tafin hannuna ya yi kwana huɗu yana zafi, amma na koma gida da kifi shida a leda, don duk wanda ya taɓa igiya ba ya tafiya hannu sake. Waƙar da ake yi a biki da yamma, in kin saurara, ita ce ta safen nan, an dai sa mata anko.

Mu ma mun san wannan. Gayya ce, da mai ganga a bakin kunya. Ki duba hawan ƙaho: me ya sa bai mutu ba? Don na mahauta ne, Sarkin Fawa da yaransa ke da sa, su ke da makaɗa, abin kunyarsu ne a ce salla ta zo ba a yi ba. Wasan kara kuma, da samari ke kwaikwayon sarki da gwamna da shugaban ƙasa, da bindiga da tabarau da na'urar hoto duk na kara, ba da takardar neman tallafi aka fara shi ba. Kara kyauta yake bayan girbi. Zamanin samariya kowace unguwa da dandalinta, fitilar ƙwai biyu da tabarma sun isa a yi wasa har tsakar dare.

Da ni ne ku, sai in zaɓi rana ɗaya da ba ta motsi, misali kwana uku bayan babbar salla, lokacin da ƴan Damagaram na Yamai da Kano da Agadas suke gida. In nemi ƙofar gidan mai unguwa maimakon babban zaure mai kuɗin haya da na lantarki. In buɗe littafi, kowace tsohuwar ƴar ƙungiya da ta yi aure ko ta samu aiki a rubuta sunanta, ko jika ɗaya ce ta bayar, a karanta da lasifika kafin a fara wasa. Shekarar farko za a yi muku dariya. Ku sa wasan ya taɓa abin da ke damun unguwar, layin ruwa ko tsadar lefe, yadda wadda ta zo dariya za ta ga kanta a ciki. In kun sa rana ku aiko mini, zan zo da kujerata.

TAMBAYA: Kawu, da girmanka. Muna layin bido tun asuba, mai garuwa ya ninka kuɗi, kai kuma kana ba mu labarin teku. Teku za mu sha?
Daga wani magidanci, Birni

AMSA: Ƙanena, ka yi gaskiya, bidona ma yana layin, jikana ke gadinsa. Teku kuwa ko su ba sa shan ta. A ƙauyukan da ke tsakanin tabki da teku na ga mata suna tuƙa kwalekwale cike da bido zuwa neman ruwan daɗi, ruwa ya kewaye su ta ko'ina. Da na koma ziyara bayan shekaru, na shiga gidan zane-zanen da Gidauniyar Zinsou ta buɗe a Wida a 2013, cikin wani tsohon bene na 1922, shiga kyauta. A cikin masu aikin da suke nunawa akwai Romuald Hazoumè, mutumin Porto Nobo, wanda ke yanka saman bidon da ake fasa-ƙwaurin fetur da shi daga Najeriya, irin na ƴan ruwa-ruwanmu, ya mai da shi fuskar mutum: mariƙin ya zama hanci, bakin bidon ya zama baki a buɗe. Har Turai ake kai su. Gobe in kana layi ka karkata kai ka dubi naka da kyau, za ka ga shi ma ihu yake.

TAMBAYA: Kaka, ni ɗan aji shida ne. Mushe ya ce ruwan teku gishiri ne. Wa ya zuba? Kuma shi muke ci a miya?
Daga wani ɗan makaranta, Mirya

AMSA: Jikana, kai ka fi duk manyan nan iya tambaya. Ba wanda ya zuba da hannu. Ruwan sama in ya bi ta kan duwatsu da ƙasa yana narkar da ɗan gishirin da ke cikinsu, koguna su kwashe su kai teku. Rana ta ɗebe ruwan ya koma girgije, gishirin ya zauna. Haka ake ta yi tun kafin a yi mutane, har ya taru. Yau in ka ɗebi lita ɗaya ka ƙafar, za ka samu wajen giram 35, kusan cokali biyu na cin abinci. Na taɓa kurɓa don in tabbatar, ban sake ba.

Farin gishirin buhu da ake sayarwa a Kasuwar Dole, da yawansa daga ƙasashen bakin teku yake zuwa. Amma muna da namu: kantun Bilma da ayarin raƙuma ke kawowa, da manda na ƙasar Manga. Abin da zai ba ka mamaki, kusa da Wida akwai wani ƙauye, Jegbaji, inda mata ke yin gishiri, kuma ba daga tekun suke ɗiba ba. Da rani suke kankare ƙasar bakin tabki, su zuba a manyan kwanduna, su kwarara ruwa, ya tsiyaye ta ƙasa, su jefa ƙwallon kwakwa a ciki, in ya taso sama ruwan ya yi ƙarfi, sai su dafa a murhun laka har ya ƙafe. Ka tambayi duk wani tsoho da ya san ƙasar Manga yadda ake manda, zai ce maka ai haka ne, tacewa da dafawa. Su ba su san Manga ba, Mangawa ba su san su ba.

Da zan dawo gida gaba ɗaya a 2001, na sayo wa mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ƙullin gishirin Jegbaji, na ɗauko shi tun daga bakin teku har Birni, kwana huɗu a mota, ina ta tattalinsa kada ya jiƙe. Ta kwance, ta dangwala da yatsa ta sa a harshe, ta yi shiru. Sai ta ce, ba laifi, a ba awaki, a miƙo mata mandanta.